Ƙorafin Da Aka Ƙi Rufewa

A barandar asibiti suka fara ganin juna, gefen sashen gashin ƙashi, inda ake jera kekunan marasa lafiya kamar masu jiran mota. Auta tana zaune kan benci, hannun Baba na dama cikin nata na hagu, waya a ɗayan, sai ta hango wani dogon saurayi da jakar kwamfuta yana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce ta, ya dawo, ya sake wuce ta. Daga baya ya gaya mata wani ƙato mai gemu da tabarau yake nema, don a ofishinsu babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa mai damunsu da ƙorafi kowace safiya mace ce.

"Malam, in Mai Ƙorafi kake nema, ga ta nan," ta ce.

Ya tsaya, ya dube ta, ya dubi wayar, sannan ya yi dariyar jin kunya ya durƙusa ya gaida Baba. Ya ce shi ne mai amsa mata saƙonni, a ofis Dogo suke ce masa. Auta ta ce ai ba sai an tambayi dalili ba.

Abin da ya haɗa su wata manhaja ce ta rubuta kod a waya, wato rubutun da ake gina shafukan intanet da shi, wadda ƙaramin kamfanin su Dogo ya ƙirƙira. Auta kwamfuta ta karanta, kuma tana gina wa masu shaguna shafukan intanet. Amma tunda Baba ya sami shanyewar ɓarin jiki, bayan rasuwar mahaifiyarta, duniyarta ta dawo ɗaki ɗaya: gado, kujera, tagar da ke kallon katangar maƙwabta, da kwandon magunguna. Baba ba ya samun natsuwa sai hannunsa mai ciwo yana cikin nata. Kwamfuta tana son tebur da hannu biyu, waya kuwa babban yatsa ya ishe ta, shi ya sa Auta ta koma aiki da yatsa ɗaya.

Wanda ke wuni cikin abu shi yake sanin halinsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Auta ta san manhajar nan fiye da masu ita. In ta sa alamar buɗe baka a rubutu, sai manhajar ta rufe mata biyu. In layi ya yi tsawo, 'yar alamar nan mai ƙiftawa da ke nuna inda ake rubutu sai ta yi tsalle ta koma farko. Wani lokaci kibod, allon haruffan wayar, ya rufe daidai layin da take gyarawa, ta yi ta rubutu a makance. Duk ta rubuta musu, duk sun gyara, sai guda ɗaya da ta gagara: tana cikin aiki, ta ajiye waya ta ba Baba magani, ta dawo ta tarar duk abin da ta rubuta tun ajiyar ƙarshe da ta yi wa aikin a manhajar ya ɓace. A ofis sun gwada sun gwada, abin ya ƙi faruwa a hannunsu. Shi kuwa Dogo yana da ƙa'ida, ba ya rufe ƙorafi sai ya ga matsalar da idonsa. Da ya nemi ta kawo wayar, ta ce ba ta fita sai ranar asibiti, shi ne ya biyo ta.

Suna cikin magana ƙararrawar magani ta kaɗa. Auta ta kife wayar kan benci don ta yi shiru, kamar yadda ta saba, ta ɓallo ƙwaya ta sa wa Baba a baki, ta kafa masa gorar ruwa, ta goge masa haɓa da gefen mayafinta. Da ta ɗago wayar, fili fetal.

"Ka gani ko? Gani ya kori ji."

Dogo ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ɗago ya kalli mai wayar, kuma wannan kallon ya fi na farko daɗewa. Ya ce ya gani, amma abin yana buƙatar bincike mai zurfi, zai riƙa neman ƙarin bayani daga gare ta. Auta ta ce babu damuwa, ita da ba ta zuwa ko'ina.

Ƙarin bayani kuwa ya nema, har ya wuce misali. Da farko tambayoyin aiki ne: wace irin waya ce, cajinta nawa lokacin da abin ya faru. Sannu a hankali tambayoyin suka fara sakin hanya.

"Mai Ƙorafi, don bincike ya cika, ina buƙatar sanin ko kin karya kumallo kafin matsalar ta faru."

Ta amsa: "Mai Gyara, manhajarku ce ke cinye min aiki, ba ni ke cin ta ba. Ban karya ba."

"To ga matsala ta biyu mun gano. Wannan ita ce ta gaggawa. Ki ajiye wayar ki ci abinci, zan jira."

Auta ta yi murmushi ita kaɗai, sai ta ji kunyar bangon ɗakin. Rabon da wani ya tambaye ta ko ta ci abinci har ta manta. Yayanta da ke aiki a wani gari kullum in ya kira, tambayarsa ɗaya ce, ya jikin Baba, sai ya bi ta da umarni kamar likita. Goggo, ƙanwar Baba, takan zo ta zauna da shi in Auta za ta fita sayen magani, ta sa mata albarka, ta kuma lissafa mata abin da ba ta yi daidai ba.

Wata rana Dogo ya ce ta jingina wayar Goggo ta ɗauki bidiyon hannunta tana aiki, daga fari har ɓacewar rubutun, don ya nuna wa abokan aikinsa. Ta ɗauka, ta tura ba tare da ta kalla ba. Ranar bai yi mata wasa ba, godiya kawai ya yi. Ta ɗauka aiki ne ya yi masa yawa.

Da suka bar shafin ƙorafi suka koma kiran juna, ta gane shi ma a ɗaure yake. Ofishinsu ɗaki ne a ƙasan bene, babu taga, sai fitila da ƙarar fanka, yana wuni yana amsa fushin mutanen da bai taɓa gani ba. Ya ce a cikin masu zaginsu ita kaɗai ce ke fara saƙo da sallama, ta jero abin da ta yi daki-daki, ta rufe da "Allah ya ba ku haƙuri da ni."

"Ranar da ban ga ƙorafinki ba, sai in ji kamar an ɗauke wuta," ya ce.

"To ka yi addu'a manhajarku ta ci gaba da lalacewa."

Sai ya ce, "Tagata, ni aurenki nake so."

Haka yake kiranta, Tagata, wai ita ce tagar da ofishinsu ya rasa. Auta ta dubi Baba yana barci, bakinsa a ɗan karkace, hannunsa cikin nata. Tana son Dogo, so na gaske, wanda ke sa ta wanke fuska ta sa kwalli don kiran waya kawai. Amma ina za ta kai hannun nan? Ta ce masa ya zo ya gaida Baba a gida, su ga abin da Allah zai yi.

Ya zo da shigarsa ta mutunci, ya cire takalma, ya durƙusa. Ya ji cewa Baba gyaran rediyo yake yi kafin ciwo, sai ya ɗauko hirar, yana tambaya cikin ladabi. Baba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya juya fuskarsa bango. Ranar bai ci abinci ba. Da Dogo ya sake zuwa, Baba ya kwana biyu yana nishi, ko cokali ya ƙi buɗe wa baki sai da Auta ta yi kuka. Da ta tambaye shi laifin yaron, da ƙyar ya haɗa kalmomin, don harshensa ya yi nauyi: "Ba yanzu ba."

Ba yanzu ba, to sai yaushe? Matar da ke yi masa gashi a asibiti takan murza hannun ta girgiza kai, ta ce a lissafinta ya kamata a ce ya fi haka motsi, amma jiki da jini sai Allah. Wani lokaci cikin barci hannun yakan matse na Auta da ƙarfi, ta ce wa kanta jijiya ce ke harbawa.

Goggo kuwa ta sami abin yi. Dama tana da ɗan takararta, mai kemis na jikin gidansu, mutum mai kirki da tsafta wanda ke ba da labarin hawan jini kamar tatsuniya. Ta ce wannan shi ne miji, katanga ɗaya, in Baba ya yi tari za a ji. Shi kuwa wancan mai tsawon banza, aikinsa ma ba a gane shi ba, mutum ya wuni yana ba waya haƙuri. Yaya ya kira ya goyi bayan Goggo, ya ce a duba maslahar Baba. Auta ta so ta ce masa ya zo ya duba maslahar da hannunsa ko na sati ɗaya, amma ta haɗiye. Gaba kura, baya sayaki: in ta bi zuciyarta ta yar da uba, in ta zauna ta tsufa a kan kujerar nan tana kallon katanga.

Dogo ya ce zai jira. Kullum yana turo mata saƙo.

"Tagata, ya Baba ya tashi? Ki gaya masa na samo wata tsohuwar rediyo a gidanmu, ta ƙi magana kamar yadda ya ƙi yi min. Ina sonki jiya, ina sonki yau, gobe ma na riga na yi rajista."

Irin wannan ne ke riƙe ta. Sai kuma aka zo ranar da abin ya fashe. Wata mai shagon ɗinki ta ba ta aiki na gaggawa, za ta buɗe sabon reshe tana son shafinta ya tashi kafin nan. Auta ta duƙufa tun safe, aikin yana tafiya kamar ruwa, har ta manta da ajiyewa. Ƙararrawa ta kaɗa daidai lokacin da Baba ya sarƙe da tari, ta kife waya ta yi kansa. Da ta dawo, babu komai. Ta sake farawa, ba ta gama a kan lokaci ba, matar ta ba wani aikin, ta kuma gaya mata magana mai zafi.

Da hawaye ta shiga tsohon shafin ƙorafin ta rubuta abin da ya faru. Dogo yana wajen taro ranar, sai wata sabuwar ma'aikaciya ta amsa, cikin ladabi da son burgewa:

"Ki yi haƙuri da abin da ya faru. Na duba, ashe an gano wannan matsalar tun makon da aka je aka ga wayarki: kife waya lokacin da ƙararrawa ke kaɗawa ne ke rufe manhajar kafin ta ajiye. Gyaran ma an rubuta shi tun lokacin, yana nan a ajiye an sa masa alamar 'a ƙara gwadawa'. Na sake shi yanzu, ki sabunta manhajarki. An rufe wannan ƙorafi."

Auta ta karanta, ta sake karantawa. Tun makon farko. Watanni ke nan tana rubutu da fargaba, tana asarar aiki tana sake yi da yatsa ɗaya, shi kuwa maganin yana aljihunsa yana tambayarta ko ta karya kumallo. Da ya kira, muryarsa kaɗai ta isa shaida. Ya ce ita kaɗai abin ke samu, ya ce tsoro ya ji, in aka rufe ƙorafin ba shi da sauran dalilin yi mata magana, daga baya kuma kunya ta hana shi faɗa.

"Ka san yadda nake," ta ce, muryarta a ƙasa don kada Baba ya farka. "Ka san ɗaki ɗaya gare ni, da yatsa ɗaya. Abu guda da nake yi wanda yake nawa, shi ka bari yana zubewa don in riƙa nemanka. Na ɗauka ƙofa ka zo buɗe min, ashe kai ma igiya ka zo da ita."

Ta kashe wayar. Ya turo saƙonni, ba ta buɗe ba. Manhajar kuwa ta gyaru sarai, ko ta kife wayar sau nawa, aikinta yana nan, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai. Baba ya koma cin abincinsa lafiya lau. Goggo ta ce ai dama ta faɗa, ta kuma ce mai kemis yana jiran amsa, haƙurin mutum ba a ja shi har ya tsinke.

Ranar da Auta ta fita sayen magani, da niyyar ba mai kemis amsar amincewa ta fita. Ta gaji, kuma mai gajiya ba ya zaɓen wurin zama. Mai kemis ya tarbe ta da fara'a, ya ƙulle mata magunguna a leda, sannan ya shiga yi mata bayanin shirinsa. Ya ce ba sai ta canza komai na rayuwarta ba, ƙofa kawai za a fasa a katanga, ta riƙa shiga nan tana fita can, ko titi ba sai ta taka ba. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, bawan Allah. Auta ta ce masa za ta yi tunani, ta karɓi leda ta fito.

A ƙofar ɗakin Baba ta ga takalma dogaye kamar kwalekwale, ba ta buƙaci a gaya mata mai su ba. Goggo tana salla a ɗaya ɗakin. Auta ta ɗaga hannu za ta yaye labule, sai ta ji muryar Dogo, ta tsaya.

Yana gaya wa Baba cewa ba neman komai ya zo ba, ya san ya riga ya rasa. Ya zo ne ya faɗi abin da ya yi wa 'yarsa, don ya ji a bakinsa. Ya faɗa duka, bai rage ba, bai kuma yi wa kansa ado ba. Sannan muryar Baba ta fito a hankali, kalma tana jan kalma.

"Ka gyara... ka riƙe?"

"Na riƙe, Baba."

"Mai gyara... ba ya haka. Rediyo ta tashi... a ba mai ita."

"Haka ne, Baba," in ji Dogo. "Akwai bidiyon da ta taɓa turo min tana aiki. Kana bayanta a kan gado. Da ta sunkuya neman abin caji, na ga ka ɗauki kofi da hannun dama ka sha, ka mayar. Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba, ba maganata ba ce. Na dai ga ya kamata ka san na gani."

Ledar magani ta yi wa Auta nauyi a hannu. Ta tuna matar gashi tana girgiza kai, ta tuna matsar nan ta cikin barci. Gaskiyar ita ce hannunta ya daɗe da sani, ita ce ta ƙi saurarensa.

Abin da ta ji bayan nan ba ta taɓa jin sa ba ko ranar rasuwar mahaifiyarta. Baba kuka yake yi.

"Uwarta ta tafi... yayanta ya tafi. In na warke... wa zai zauna?"

"Abin da na ce wa kaina ke nan, Baba. Ga shi na riƙe har na rasa ta gaba ɗaya."

Auta ta yaye labule ta shiga. Dogo yana durƙushe, ya sunkuyar da kai. Baba ya dube ta da jajayen idanu, ya gane ta ji komai, labarin zuciya a tambayi fuska. Ta ajiye ledar ta zauna a kujerarta, amma ba ta miƙa hannu ta kama nasa ba. Fushi take ji da tausayi a haɗe, har ba ta san wanda ya fi yawa ba. Sai ga ƙararrawar magani ta kaɗa a jakarta.

Ta ciro wayar ta kashe ƙarar. Ta ɓallo ƙwayar ta ajiye kan ɗan tebur kusa da kofi, ta naɗe hannuwanta a cinya. Jikinta duk yana ce mata ta tashi, ta danne.

Baba ya daɗe yana kallon ƙwayar. Sannan hannun dama ya taso daga kan bargo, yana rawa, ya tafi a hankali, ya ɗauke ta da yatsu uku ya kai baki. Ya koma ya ɗauki kofin. Rabin ruwan a rigarsa ya zube, sauran ya sha, ya mayar da kofin wurinsa har ya yi ƙara.

"Tun yaushe, Baba?"

"Ya daɗe... Auta. Ki yafe min."

Ta faɗa jikinsa tana kuka, tana ce masa ai ko ya tashi yana gudu ba za ta yar da shi ba, wa ya gaya masa sai da ciwo ake zama da uba. Ya dafa kanta da hannun, ta ji nauyinsa da ɗuminsa. Goggo ta shigo da carbi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga hannun yayanta a sama, ta rasa abin cewa, wanda a tarihin gidan ba a taɓa gani ba.

Shi kuwa Dogo, Auta ta share hawaye ta ce masa ya tashi ya tafi, ba ta huce ba. Ya tafi ba musu. Ta bar shi ya dahu a ɗakinsu marar taga har sai da ta ga dama, don so ba ya hana a hora mutum. A kwanakin nan Baba ya fara cin abinci da kansa, yana ɓata riga yana faɗa in an taimake shi. Matar gashi ta ce wannan ci gaba sai ka ce an yi wa hannun allurar zuciya, Baba ya kawar da kai. Auta ta je ta ba mai kemis haƙuri, ya karɓa da mutunci, har ya ƙara mata bayani kan gishiri.

Wata safiya ta buɗe shafin kamfanin ta shigar da sabon ƙorafi.

"Assalamu alaikum. Matsala: akwai wani ma'aikacinku da ya daina aiki. Yadda abin ke faruwa: na ce ya tafi, ya tafi, bai dawo ba. Abin da ya kamata ya faru: ya zo da manyansa, da rediyon nan da ya ce ta ƙi magana, Baba yana son ya duba ta. Sharaɗi: duk abin da ya gano game da ni daga yau, mai daɗi ko marar daɗi, ya faɗa min a ranar. Allah ya ba ku haƙuri da ni."

Ba ta ajiye wayar ba amsa ta shigo.

"Wa alaikumus salam, Tagata. Na ga matsalar da idona, laifin daga wajenmu ne. Na karɓi sharaɗi. Abu na farko da na gano yau: na karanta saƙonki a tsaye, yanzu ga ni zaune a ƙasa, abokan aiki suna yi min fifita."

Manya suka zo, aka yi magana, aka sa rana. Yaya ya taho, kuma Auta ta zaunar da shi ta gaya masa abin da ta daɗe tana haɗiyewa, har ya amince zai riƙa zuwa yana kwana biyu da Baba, ya kuma samo mai kula da shi da rana. Dogo ya kama musu gida a layin, mai tagogi manya, ya ce ko babu kujera in dai akwai taga ya gama. Baba ya sa aka fito masa da tsohon teburinsa na aiki. Rediyon Dogo ta ci masa lokaci, don yatsun ba su gama dawowa ba, amma ranar da ta yi magana bai bari ta kwana ba, ya aika a kai wa mai ita.

Ranar ɗaurin aure Baba ya fita da sanda, yana jan ƙafa, ya ƙi keke. Duk wanda ya zo taya murna da hannun dama ya gaisa da shi, har Goggo ta aiko a ce masa ya rage kada ya gaji. Da yamma, da za a tafi da amarya, Auta ta shiga ɗakin ta durƙusa gaban gadon da ta yi shekaru a gefensa, ta sa hannunta cikin nasa kamar kullum. Ya riƙe shi da ƙarfi, ƙarfin da ya daɗe yana ɓoyewa. Ya kira Dogo ya matso.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya... da zuri'a mai jin ƙai, irin wadda ya ba ni. Abin da ya lalace tsakaninku... ku gyara da wuri. Kada a riƙe."

Suka ce amin, mutanen ɗakin suka amsa. Sannan Baba ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya saki hannunta da kansa, ya ce ta tashi ta tafi, gobe ta zo ta gaishe shi.